Wane suna za mu raɗa wa kuɗin da zinari ya tsaya masa?

1/ Jama'a, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. Wasu jihohin Amurka suna ƙoƙarin a riƙa ciniki da abin da Bature ke kira gold-backed currency. Na ga masu fassara sun sa "kuɗin zinari", wasu kuma "kuɗi mai goyon bayan zinari". Duka biyun ba su kwanta mini ba.

2/ Shiga layin 'yan gwal ka ce "nawa ne kuɗin zinari yau?" Farashin giram za a faɗa maka, don abin da kunnen Bahaushe ke ji ke nan. Goyon baya kuwa na ɗan takara ne da ƙungiyar ƙwallo. Mai goyon baya yana iya janyewa gobe, ba ka da hurumin kai ƙararsa. Batun da muke yi kuwa batun haƙƙi ne.

3/ Mu fara sanin abin kafin a raɗa masa suna. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana jiha buga kuɗinta, ya kuma ce kada ta mai da wani abu halastaccen abin biyan bashi in ba tsabar zinari da azurfa ba. Ta wannan 'yar kafa jihohin ke bi. Utah ce ta buɗe hanya a 2011, ta amince da sulallan zinari da azurfa na gwamnatin tarayya a matsayin kuɗi. Texas ta yi dokar kafa rumbun ajiyar zinari na jiha a 2015, ya fara aiki a 2018. A watan Yunin 2025 gwamnanta Greg Abbott ya sa hannu a wata dokar da za ta ba mutum damar ajiye zinarinsa a rumbun, ya yi sayayya da kati, ana zaftarewa daga nauyin abin da ya ajiye.

4/ Wasu za su ce ai muna da "dinari". Gaskiya ne, duk wanda ya je ɗaurin aure ya ji an ambaci rubu'u dinar, kuma nisabin zakka dinari 20 ne, giram 85. Amma dinari shi ne zinarin kansa a tafin hannunka. Shi jihar Kelantan ta Malesiya ta fitar a 2010, kowane ɗaya giram 4.25, babban bankin ƙasar kuma ya ce ringgit ne kaɗai halastaccen kuɗi. Hatta takardun Goldback da wani kamfani ya fara fitarwa a Utah a 2019 dangin dinari ne, don zinarin yana shimfiɗe a jikin takardar. Na Texas kuwa zinarin yana rumbu, kai shaida ce a aljihunka. Kada mu haɗa su a tukunya ɗaya.

5/ Inda na samo tawa kalmar: wajen wani dattijo mai sayar da gwal ne a unguwarmu. Ina zaune wata mata ta kwance bakin mayafinta ta fito da 'yan kunne biyu. Ya ɗora su a kan ƙaramin ma'auninsa, ya rubuta nauyin a 'yar takarda, ya ƙirgo mata kuɗi, ya ƙulle 'yan kunnen a leda da sunanta. Bayan ta tafi na kwashe bayanin Texas na yi masa. Na ce, "Baba, me za ku kira wannan?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaro, in ba a biya ka ba kana da abin da za ka kama? To jingina ce."

6/ Saboda haka nake ba da shawarar mu ce KUƊI MAI JINGINAR ZINARI. Kalmar ta ci gida biyu. Akwai jingina ta jikin bango, wato darajar kuɗin ta dogara da zinarin. Akwai jingina ta bashi, wato takardar alkawari ce, zinarin kuma shi ne abin kamawa.

7/ Na san gyaran da malaman fiƙihu za su yi mini: a jingina, kayan suna hannun mai bin bashi, a nan kuwa suna rumbun wanda ya fitar da takardar. Na karɓa. Amma wannan ne ma ya sa nake son kalmar, don tana tilasta wa mai sauraro ya tambaya: zinarin yana hannun wa, kuma ranar da na kai takardata za a auna a ba ni? Dubi Zimbabuwe. A Afrilun 2024 ta fito da sabon kuɗinta mai suna ZiG, aka ce zinari da kuɗin waje sun tsaya masa, dala ɗaya ZiG 13.56. Watan Satumba bai ƙare ba babban bankin ya karya darajarsa, dala ta haura ZiG 24. Da jinginar tana inda mai takarda zai iya kamawa, da hakan ba ta faru cikin wata shida ba.

8/ Ga shi a jimla: "Majalisar jihar ta amince da dokar kuɗi mai jinginar zinari." "Naira ba ta da jinginar zinari." "Tun 1971 aka cire wa dala jinginarta." Ma'aikatan rediyo, ku karanta su da ƙarfi ku ji ko harshe ya sarƙe. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mana ko jingina tana da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata mana wannan.