Regiment da Infanterie: wace kalma za mu tsayar?

Jama'a, mu ƙarasa maganar nan. Sunan da ake son sawa a Hausa shi ne Reserve-Infanterie-Regiment 16 na Bavariya, wani rukunin sojojin Jamus, wanda aka kafa a Munich a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. An fi saninsa da sunan kwamandansa na farko, Kanar Julius List, wanda aka kashe ranar 31 ga Oktoba 1914 a Gheluvelt, kusa da Ypres a Beljiyam. A cikinsa Adolf Hitler ya yi yaƙin, yana aikin kai saƙo tsakanin hedikwata da bakin daga.

Yawancinku kun ce a fassara Regiment da "runduna". Ban yarda ba. Da runduna muke kiran sojojin ƙasa baki ɗaya, da ita muke kiran 'yan sanda, da ita muke kiran kowane gungun mayaƙa. Regiment kuwa abu ne mai iyaka: bataliya 3, kowace da kamfani 4, mutum 3,000 da wani abu. Shi kansa wannan yana ƙarƙashin Dibishin na 6 ne na Reserve na Bavariya. In muka ce rundunar List ta kusa ƙarewa a Gheluvelt, mai karatu zai ɗauka Jamus ce ta rasa sojojinta, alhali ɗaruruwa ne daga cikin miliyoyi.

Malam ɗin da ya kawo "tuta", Allah ya ƙara basira, kalmar ta yi min daɗi a kunne. Amma a tarihinmu tuta ta fi haka girma. Wadda Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama ko Buba Yero izini ce ta jagorantar jihadi a ƙasa guda, ba sunan wani adadi na mayaƙa ba. Bari mu bar ta a wurinta.

Tunda mun riga mun karɓi bataliya da kamfani da birged ba tare da gardama ba, ban ga dalilin ƙin rajimanti ba. 'Yan uwanmu na Nijar ma za su gane ta, don haka take a Faransanci.

Inda muke da tamu kalmar shi ne Infanterie. "Sojan ƙasa" ba zai yi ba, don ya haɗa har da masu igwa da masu tankokin yaƙi. Asalin dakare shi ne mai yaƙi a ƙafa, kishiyar barde da ke kan doki. Kafofin labarai sun faɗaɗa "dakaru" har ta shafi sojan sama, shi ya sa nake ganin a ce dakarun ƙafa, ko da ya yi kama da maimaici. Kuma da ƙafar suka yi shi: ramukan yaƙi na Fromelles da ke Faransa a 1915 da Yulin 1916, inda suka kara da 'yan Ostareliya, sai Somme a Oktoban 1916.

Reserve kuma "ko-ta-kwana" ce mafi kusa, duk da cewa akwai abin dariya a ciki. Da yawansu sababbin shiga ne, horon makonni kaɗan suka samu, ƙarshensa a sansanin Lechfeld, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Flanders, yankin da Gheluvelt take.

Abin da zan rubuta ke nan: Rajimanti na 16 na Dakarun Ƙafa 'Yan Ko-ta-kwana na Bavariya. Ya yi tsawo, na sani. A ambato na biyu Rajimantin List ya isa.