Maigidanmu ya rasu, an ce ni zan rubuta tarihinsa, don Allah ku taimaka min

Yaron Gareji:
Salam 'yan uwa. Kamar yadda da yawanku kuka ji, Allah ya yi wa maigidanmu rasuwa, Alhaji dillalin motoci wanda wasu suka fi sani a fagen farauta da kamun kifi. Iyalansa sun ce tunda ni na fi daɗewa a gabansa ni zan rubuta wani abu a kan rayuwarsa a ajiye wa jikoki, to ni kuma duk sanda na zauna ba abin da ke fitowa sai "mutumin kirki ne, mai gaskiya ne", wannan kuwa kowa ya mutu haka ake ce masa, ba zai nuna wa yaron da bai taɓa ganinsa ba ko wane ne shi. Ni ɓangaren kasuwa na sani, daji ban taɓa binsa ba. Don Allah wanda ya yi hulɗa da shi ya faɗa min abin da ya gani da idonsa, kuma me ya kamata in sa, me zan bari?

Bakanike:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta. Ƙanina kar ka wahalar da kanka da neman manyan kalmomi, rubuta yadda yake sayar da mota kawai, ai shi ne mutumin.

Ni nake duba masa motocin hannu kafin ya kafa su. Ka san yawancin dillalai in mai saye zai zo tun da asuba ake tayar da mota a ɗumama injin don kar ya ji ƙarar farko, shi kuwa cewa yake kar wanda ya taɓa makulli sai mai saye ya iso, a tayar a gabansa da sanyinta, sannan ya ja shi bayan motar su tsaya wajen salansa yana masa bayani, hayaƙi in ya yi shuɗi injin na shan baƙin mai, in fari ne mai kauri da ba ya yankewa ruwa ke shiga, wato gaskit ɗin da ke raba ruwa da cikin injin ya lalace, in baƙi ne mai ya yi yawa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna maka cikinsa ko akwai farin kumfa. Akwai ɗan maganaɗisu da ba ya rabuwa da shi a aljihun riga, ya bi jikin mota da shi, inda ya ƙi kamawa ya ce nan an taɓa bugewa an cike da fila an yi fenti, motarsa fa da yake son sayarwa! Wallahi na sha ganin mai saye ya tsaya yana kallonsa baki buɗe.

Batun juya mita kuwa, wato rage lambar tafiyar da mota ta yi, kar ma ka fara. An taɓa kawo masa wata mota, mita na nuna tafiya kaɗan amma robar burki da ta kuloci sun cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi santsi, ya ce a fitar masa da ita daga wurinsa, bai ko taya ba. Shi ya koya min duba lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne tun daga 1981 kuma ba a sa I da O da Q a ciki, in ka ga ɗaya daga cikinsu ko ta gilashi ta saɓa da ta jikin ƙofa to ka san da magana.

Maman Yara:
Allah ya gafarta masa. Ni ba na cikin harkarku amma na sayi mota a hannunsa bayan rasuwar maigidana, ban san komai a mota ba sai tuƙi. Na nuna wata babba mai kyau ina so, ya tambaye ni ina nake zuwa kullum, na ce makarantar yara da wurin aiki, ya ce Hajiya wannan mai za ta sha miki kuma kayan gyaranta za su kwantar da ke, ya nuna min ƙarama wadda ribarsa a kanta ba ta kai ta waccan ba. Ya durƙusa da tsufansa ya nuna min lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ya ce tayoyin sun tsufa ko da zanensu bai cinye ba, ya sa aka canja kafin in ɗauka. Har yau haka nake duba taya. Ka sa wannan a ciki don Allah.

Tsohon Maharbi:
Yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Tun muna samari muke shiga daji da shi.

Abin da zan ce ka rubuta shi ne, sau da yawa mutumin nan sai mu wuni mu dawo bai harba ko harsashi ɗaya ba kuma ya fi kowa farin ciki a mota. Shi bin sawu ne daɗinsa. Sai ya tsuguna a kan sawun gada ya ce wannan na daren jiya ne don raɓa ta rushe bakinsa, wannan kuma yanzu ta wuce, ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa don dabba hanci gare ta, in iska ta kai mata warinka ka gama. Da damina ta sauka yake rataye bindiga, zabi da fakara na kan ƙwai, ba ya harbi kuma ba ya yarda wanda ke tare da shi ya harba. Mace mai ciki ko mai ɗa a bayanta haram a wurinsa. Lasisin bindigarsa bai taɓa barin ya mutu ba, kuma ba a shiga motarsa da harsashi a cikin bindiga, sai ka karya ta ka nuna masa. Masu cinna wa daji wuta don su kama ɓera da zomo kuwa ya tsane su, na ga ya yi sa'insa da wasu har muryarsa ta dushe.

A ruwa ma haka, fatsa yake sakawa ya zauna, ƙaramin kifi ya cire masa ƙugiya a hankali ya mayar, yana faɗa da masu taru mai ƙananan ido da masu zuba guba. Burinsa giwan ruwa, irin manyan nan da kan haura kilo 100, ya kama matsakaita dai amma babban bai zo ba.

Ga kuma tsohuwar Land Cruiser ɗinsa samfurin 70 mai injin dizal 1HZ, silinda shida ba turbo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi), wadda duk motocin da suka ratsa hannunsa ita kaɗai ya ƙi sa wa kuɗi. In muka kafe a yashi ba ya taka totur, sauka yake ya rage wa tayoyi iska ya sa ƙaramar giya ta fita a hankali.

Amma kar ka mai da shi mala'ika, jikokin ba za su gane shi ba. Yana da zafi. In an ce ƙarfe huɗu na asuba ka zo huɗu da kwata ƙurar motarsa za ka tarar, ko kai waye. Yaransa na gareji sun sha faɗa a kan sifana ɗaya da aka bari a ƙasa. Sai dai ba ya kwana da abu, da yamma shi zai neme ka.

Yaron Gareji:
Baba na gode ƙwarai, wallahi na karanta sai da na yi hawaye, maganar sifanar nan ni aka fi yi wa. Yaya Bakanike da Hajiya ku ma Allah ya saka da alheri, zan rubuta yadda kuka faɗa ba ƙari. Baba in ba damuwa zan zo gida ranar Asabar da yamma da littafi, akwai hotunan daji da iyalan suka samu a durowarsa ba a san su waye a ciki ba, kai ne za ka gane su.

Tsohon Maharbi:
Ka zo, ina gida. Ka taho da babban ɗansa in zai samu dama, akwai jakar fatsar mahaifinsa a wurina tun fitarmu ta ƙarshe, in ba shi da hannuna.