Mota mai haɗa fetur da batir: abin da aka ce a fadarmu

Jiya a fadarmu ta Zango, nan Damagaram, hira ta kai kan irin su Toyota Prius. Masu ita sun ce kada a dogara da lissafin shan mai na kamfani. A Turai gwajin ɗaki ake yi, zafi digiri 23, na'urar sanyi a kashe. Mu kuwa a watan Afrilu wa zai kashe ta? Batirin ma zafi na rage masa ƙarfi, sai injin fetur ya riƙa tashi.

Cikin gari take tsimin mai, domin taka birki na cika batir. A kan hanyar Maradi da gudu, bambancinta da motar fetur zalla kaɗan ne.

Bakanikenmu ya nanata a riƙa share fankar batir, ƙura na toshe ta. Wannan na fi riƙewa. Sannan ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka auna da kanka.