Kamun kai ko mulkin kai? Kalmar da ta hana mu barci

Salama a gare ku 'yan'uwa. Muna shirya taron matasa a ikkilisiyarmu nan Yelwa, Bauchi, kan maganar ya zo da turanci wai self-control, aka ce ni zan sa shi da Hausa saboda fosta da iyayenmu da ba sa jin turanci. Kwana uku kenan muna ta musu a WhatsApp.

Ni dai kamun kai na rubuta tun farko, don shi ke cikin Littafi Mai Tsarki, Galatiyawa 5:23, na tara kuma na ƙarshe cikin albarkar Ruhu. Sai wani ɗan'uwa ya ce shi fa bai yarda ba, a gari in ka ji kamun kai to budurwa ake yabo, wance akwai kamun kai ba ta kula samari, in maza suka ga fostan za su ce taron 'yan mata ne su wuce abinsu. Abin ya tsaya min a rai don gaskiya ya faɗa, mu ne muka ƙuntata kalmar.

Wata mamarmu ta zumuntar mata ta ce a sa haƙuri kawai. Na ce Mama ai haƙuri yana nan na huɗu a jerin, Manzo Bulus da ya rubuta ba zai ƙirga abu ɗaya sau biyu ba. Haƙuri na abin da wani ya yi maka ne, wannan kuwa na abin da ke tasowa daga cikinka ne, kwaɗayi, sha'awa, baki, kwalba, cacar ƙwallo a waya da ke cinye kuɗin makarantar yaranmu. Danne zuciya ma an kawo, amma iyakarsa fushi, kuma abin da aka danne wata rana sai ya yi ambaliya.

Mai karatun tauhidi a cikinmu ya ce asalin kalmar da Helenanci enkrateia ce, daga kratos wato iko, don haka a ce mulkin kai. Daidai ne a takarda, amma Bahaushe ya ji mulkin kai 1960 zai tuna da tafiyar Turawa. Iko da kai kuma warin girman kai yake yi, irin na yaron da ke cewa ba mai iko da ni, alhali ayar cewa ta yi daga Ruhu abin ke fitowa, ba ƙarfin mutum ba.

Jiya bayan sujada na kai wa wani dattijon ikkilisiya maganar. Ya ce ɗana, ka taɓa kallon hawan sallah a ƙofar fada? Na ce sosai Baba. Ya ce wane doki ake riƙe wa linzami da hannu biyu, raggo ko ingarma? To kan doki ake kamawa duk jiki ya bi, je ka karanta Yakubu 3:3. Ya ce in duba Ayyukan Manzanni 24:25 kuma, wanda Bulus ya yi wa maganar kamun kai har ya tsorata gwamna Filikus ne, namiji mai mulki a hannu, ba budurwa ba. Da na dawo gida na haɗa da Karin Magana 25:28, marar kamun kai kamar birni ne da garunsa ya rushe, sai na tuna ganuwar Bauchi, inda ta zube har awaki ratsawa suke yi ba sai sun nemi Ƙofar Wunti ba.

Mun tsaya a kan kamun kai, kuma hoton ingarma da linzami za mu sa a fostan, gobe zan kai wa mai bugawa. 'Yan'uwa na Tafawa Ɓalewa da Bogoro, don Allah ku turo mana yadda ake faɗinsa da yaren Zaar kafin safiya, muna so mu sa shi a ƙasa.