Na Samu Furosesa da Rangwame: In Saya Ko In Haƙura?

Abba Tumfure: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kafin in tura kuɗi. Wani mai shago a Legas ya yi mini tayin furosesan Intel i7-13700K, ɗan zubi na 13, haɗe da madabod Z690 mai ɗaukar ram irin DDR5, kuma ya sauke farashin sosai, har sai da gabana ya faɗi. Aikina haɗa bidiyon biki da na walima ne, tsohuwar kwamfutata kuwa sai ta kwana tana fitar da aiki ɗaya. Amma na ji ana cewa wannan zubin yana da matsalar wuta. Gaskiya ne?

Injiniya Bello: Wa alaikumus salam. Abba, kafin komai tambaye shi abu ɗaya: sabo ne a kwalinsa da hatimi, ko ciro shi aka yi daga wata na'ura? Amsar nan ita ce rabin cinikin.

Maganar da ka ji gaskiya ce. A watan Yulin 2024 Intel da kansu suka amsa cewa furosesoshin tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman boltej fiye da kima, kuma hakan yana cinye su a hankali. Suka fitar da gyara ta hanyar BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod: 0x129 a Agusta, wanda ya hana neman abin da ya haura 1.55V, sannan 0x12B a Satumba. To ga inda gizo ke saƙar: gyaran rigakafi ne, ba magani ba. Wanda ya riga ya ci wuta ya ci ke nan, ba BIOS ɗin da zai dawo da shi. Kuma ba ka gane shi da ido. Zai tashi lafiya, ya buɗe Windows, sai ka ɗora masa aiki mai nauyi ya watsar da kai.

Abba Tumfure: Yaya Bello, ai ina da stabilaiza mai kyau a shago. Ba za ta tare ba?

Injiniya Bello: A'a ƙanena, hanyar jirgi daban, ta mota daban. Stabilaiza wutar bango take daidaitawa. Wannan da muke magana 'yar ƙaramar wuta ce, bolt ɗaya da ɗoriya, wadda madabod ke ba furosesa. Ko da sola mai tsabta kake aiki, in BIOS tsoho ne, abin yana nan.

Maman Hanif: Ni dai Abba, shawarata ka duba ko kana bukatar wannan babban ma. A kafe ɗina na Pantami i5-12400 nake amfani da su, daga safe har isha'i lokacin rajistar JAMB, ban taɓa jin kansu ba. Zubi na 12 ba ya cikin waɗanda abin ya shafa. Kuma ka tuna zafin Gombe a watan Afrilu. Wancan naka yana iya jan wat 253 in aiki ya yi aiki, sai ka ƙara kuɗin babban abin sanyaya da fawa saflai mai ƙarfi. Rangwamen nan a can zai zube.

Malam Ɗanladi Bolari: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai mai bidiyo yana son ƙarfi, ba kamar mai cike fom ba.

Bari in yi maganar ram, don ni nan na sha wuya. Bara na sayi sanda ɗaya mai giga 16, bayan wata biyu na samu kuɗi na ƙara wata ta wani kamfanin daban. Lambobin jikinsu duk ɗaya. Na kunna XMP, saitin da ke ƙara wa ram gudu, na ci gaba da aiki. Sai shuɗin allon faɗuwar Windows ya fara zuwa, yau sau ɗaya, gobe sau uku, wani lokacin ina tsakiyar buga katin gayyata mai shi yana zaune a benci yana jirana. Na sake Windows har sau biyu, na zargi furosesa, na zargi ma'ajiyar fayil, wato hard disk. Daga ƙarshe na sa MemTest86, manhajar gwada ram, a filashi na bar shi bayan sallar isha'i. Da asuba na buɗe shago, allon ya cika da jajayen layukan kuskure. Na kashe XMP, na sake gwadawa, ko ɗaya babu.

Don haka ka sayi sanda biyu 'yan kwali ɗaya, ka sa su a rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Kada ka cika ramuka huɗu da DDR5, gudun sauka yake yi. Ka shiga shafin kamfanin madabod ɗin ka duba jerin ram da suka gwada, QVL suke kiransa.

Injiniya Bello: Malam ya gama magana. In ƙara da cewa XMP ɗin nan da muke kunnawa kamar ba komai, tura ram ne sama da ma'auninsa. DDR5 a asalinsa 1.1V yake ci, XMP kan kai shi 1.35V ko fiye. Abin da Intel suka lamunce wa 13700K shi ne DDR5-5600. Sama da haka sa'a ce, wani ya ɗauka, wani ya ƙi. Ka fara mako guda ba XMP. In komai lafiya ka kunna, ka sake gwaji dare ɗaya. In ka kunna komai rana ɗaya, ranar da ta faɗi ba za ka san wa za ka kama ba.

Sadiq Jekadafari: Ku dawo furosesan kamfanin AMD kawai ku huta.

Injiniya Bello: Sadiq, su ma sun ga tasu. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a soket, sai da aka ɗaure boltej ɗin SoC, wani ɓangare na furosesan, a 1.3V ta sabon BIOS. Ko wanne ka saya, BIOS ne farkon aiki.

Maman Hanif: Kuma don Allah kada a sabunta BIOS a kan wutar gari tsirara. A jona UPS ko inbata mai cikakken caji. Minti biyar ne, amma in aka ɗauke wuta a tsakiya, madabod ɗin na iya zama gawa.

Abba Tumfure: Na kira shi yanzu. Ya ce madabod ɗin sabo ne a leda, amma furosesan ba kwali, daga wata kwamfutar wasa aka ciro shi. Garantin sati ɗaya zai ba ni.

Malam Ɗanladi Bolari: Sati ɗaya? Kafin kaya su iso tasha daga Legas kwana nawa ya rage?

Injiniya Bello: Bar shi, Abba. Intel sun ƙara shekara biyu a kan garantin na kwali, ya zama biyar, amma kai ba kwali ba rasit, da me za ka nema? Ga shi ba ka san shekara nawa ya yi yana shan wuta a tsohon BIOS ba. Ka riƙe madabod ɗin, ka tambaye shi i7-12700K sabo. Da ma don zubi na 12 aka yi Z690, zai tashi kai tsaye. Kada ka karɓi mai KF a ƙarshe, shi ba shi da girafik na ciki, kuma wannan girafik ɗin yana taimaka wa masu bidiyo ƙwarai wajen fitar da aiki.

Abba Tumfure: Ya ce akwai, a kwali. Zai turo hoton hatimin da rasit kafin in biya. Allah Ya saka da alheri, Yaya, Hajiya, Malam.

Injiniya Bello: Amin. In sun iso kada ka ɗaura da kanka, filolin soket ɗin nan ba sa son hannu mai rawa. Kawo su shagona ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da filashi wanda ba komai a ciki.