Neman kalmar Hausa: kifin tauraro ko tauraron teku?

Malam Sani, Agege:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwanmu da ke kula da tankunan gilashi na ruwan gishiri a gidajen Ikoyi da Lekki suna buƙatar bayani da Hausa a kan halittar nan mai hannu biyar da Turawa ke kira starfish. Wasu na cewa kifin tauraro, wasu tauraron teku. Ya kamata mu tsaya a kan ɗaya kafin a rubuta musu komai. Masana, bismillah.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai a cire kifi daga sunan, don kalmar tana jawo asara. Wannan halitta ba ta da ƙashin baya, ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jini irin na kifi. Ruwan teku ne ke zagayawa a cikin jikinta. Yana shiga ta wani ɗan tabo mai ƙananan huji a bayanta, shi ne kuma ke motsa ɗaruruwan 'yan ƙafafun da ke ƙarƙashin kowane hannu. Tabon nan sai mu kira shi rariya, tunda aikinsa ke nan.

Duk wanda aka ce wa kifi ne, magani irin na kifi zai ba shi. Yawancin maganin cutar farin ɗigo, wadda ke fitar wa kifi da fararen ɗigogi a jiki, da ake zuba wa kifayen teku yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe tauraro da jatan lande da dodon koɗi baki ɗaya. Duwatsu da yashin tanki suna shanye shi su riƙa sakinsa daga baya, don haka tankin da aka taɓa zuba wa irin wannan magani ba wurin tauraro ba ne. Larabawa ma najmul bahri suke cewa, babu kifi a ciki. Tauraron teku, jam'i taurarin teku.

Ɗanjuma, Obalende:
Hajiya, Allah ya ƙara sani. Amma mai saye a kasuwa ba zai fi saurin gane kifin tauraro ba?

Malam Sani, Agege:
Zai gane siffa, ya ɓata kiwo. Kuma tauraron ɗan'adam bai rikita kowa ba, balle wannan.

Injiniya Bashir, Apapa:
Na bi bayan Hajiya, kuma ga dalili na biyu, wanda shi ma yake kisa. Kifi yana iya daidaita gishirin jikinsa idan ruwa ya canja. Tauraron teku ba ya iyawa, abin da ke cikin tanki shi ke cikin jikinsa. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, a ma'aunin nauyin ruwa kuma 1.025 zuwa 1.026. A nan ake tsayar da tanki, kada ya yi sama yau ya yi ƙasa gobe.

Inda ake faɗuwa a Legas shi ne wajen ciko. Zafi na sa ruwa ya ƙafe, gishiri kuwa ba ya tashi, yana nan. Idan aka cike gurbin da ruwan gishiri, tanki sai ƙara ɗaci yake yi. Ciko da tataccen ruwa marar gishiri ake yi, kaɗan-kaɗan kullum, ba a bari sai ya sauka da yawa a antaya bokiti guda. A ja layi a jikin gilashi, a riƙa mayar da ruwa kansa kowace safiya. Ruwan gishiri sai ranar canji: a cire kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu, a mayar da wanda aka haɗa tun jiya famfo na juya shi.

Gishirin girki ba ya yi, don babu su kalsiyam da maganiziyam da halittar ke gina jikinta da su. Sai haɗaɗɗen gishirin tankin teku. Ruwan lagun kuma kada a kusance shi: gishirinsa na raguwa sosai da damina, ga dattin gari. Na burtsatse ma sai ya bi ta injin tacewa.

Ɗanjuma, Obalende:
To yaya za mu kira yadda ake shigar da sabo cikin tanki? Na san ba a juye leda kai tsaye.

Injiniya Bashir, Apapa:
Ina ba da shawarar sabon ɗigo, wato sabar da shi da ruwa ta hanyar ɗigo.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Injiniya, a rubuce za a karanta shi kamar ɗigon da bai tsufa ba. Ɗigon sabo ma haka. A ce sabarwa da ɗigo, ba mai ruɗewa.

Yadda ake yi, ɗana Ɗanjuma: a ɗora ledar a rufe a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafinsu ya zo ɗaya. A juye tauraron da ruwansa cikin roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba. A jawo ruwan tanki da siririn tiyo, robar ƙarin ruwa sabuwa ta kemis tana yi tunda tana da maƙulli, a saita ɗigo biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. Idan ruwan da tauraron ke ciki ya ninka a zubar da rabi a ci gaba, har awa biyu zuwa uku. Sannan a ɗauke shi cikin kofi da ɗan ruwa a nutsar. Wanda aka yi wa gaggawa ba ya mutuwa a ranar. Bayan kwanaki sai fararen tabo su fito, bakin hannuwa ya fara zagwanyewa, mai shi ya ɗauka cuta ce daga wurin mai sayarwa.

Malam Sani, Agege:
An karɓi sabarwa da ɗigo. Zagwanyewa ma ta zauna a matsayin sunan wannan lalacewa. Saura abinci, don nan ma sunan kifi na yaudara: ba ya tasowa sama ya cafki ƙwayar abinci, bakinsa a ƙasa yake, wasu ma tumbinsu suke fitarwa su lulluɓe abin da za su ci.

A cikin ire-iren taurarin teku, shuɗin nan mai kyau da ake kira Linckia, shi ya fi jan ido kuma shi ya fi wuya. Abin da ke tsirowa a jikin duwatsu yake lasa, don haka sai babban tanki da ya yi aƙalla wata shida yana aiki. A ƙaramin tanki yunwa ke cin sa a hankali, yana ƙanƙancewa har ya ƙare. Mai tonon yashi ma haka, yana cinye 'yan halittun cikin yashin ya rasa na gaba. Mai baƙaƙen ƙulluma a baya, Protoreaster, ya fi sauƙi: a sa masa ɗan yankan ɗanyen jatan lande marar gishiri a ƙarƙashinsa sau biyu ko uku a mako, a cire abin da ya rage kada ya ruɓe. Sai dai yana cin murjani mai rai, wato halittar teku mai kama da tsiro da ake kiwo a tanki, ba a haɗa su. Talibambam na teku kuma shi ke cin tauraron.

Injiniya Bashir, Apapa:
A ƙara maganar wuta da zafi. Ana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, ɗakin da ba na'urar sanyaya kuwa yana haura 30 a watan Maris. Fanka mai busa saman ruwa tana sauke zafi, amma tana ƙara ƙafewa, sai a ƙara kula da layin ciko. Idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar cikin ruwa ke fara ƙarewa, ruwa mai zafi kuma dama iskarsa kaɗan ce. A haɗa famfon juya ruwa da inbata, a ajiye ɗan injin kumfa mai batir a kusa.

Ɗanjuma, Obalende:
Na rubuta tauraron teku, rariya, sabarwa da ɗigo, zagwanyewa. Wancan mai siraran hannuwa da ke ɓuya a ƙarƙashin dutse fa, shi ma tauraron teku ne?

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Ɗan'uwansa ne, amma gidansu daban. Da hannuwa yake tafiya yana lanƙwasa su, kuma sunansa na kimiyya daga wutsiyar maciji aka samo shi a Girkanci. Mu ce tauraro mai wutsiya. Shi nake ba mai farawa shawara, don yana cin ragowar abincin da ya faɗa ƙasa. A kauce wa babban koren kawai, yana kama ƙananan kifi da dare.