Neman sunan Hausa ga 'yan fitilun da ke jikin na'urorin sauti

Jama'a, tun da aka fara neman sunan da za mu ba ƙananan fitilun da ke jikin lasifikar Bluetooth da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da na'urar kunna faifan CD, kalmomi uku ne suka fi yawo a bakinmu: danja, da sigina, da kuma indiketa, wadda masu gyaran rediyo a Tudun Wada da Kasuwar Gumi a Kaduna suka fi faɗa. Ni dai shawarata ita ce mu tsaya a kan "fitilar manuniya".

Danja daga bakin direbobi ta zo mana, kuma duk wanda ya ji ta, haɗari ko tsayawa zai fara zuwa masa a rai. Amma jan wuta a na'urar sauti ba kullum yake gargaɗi ba, domin a lasifikoki da yawa yana nuna cewa batiri na caji, a wasu na'urorin kuma yana nuna cewa wuta tana shiga amma ba a kunna su ba. Inda ja ya zama gargaɗi na gaske shi ne a kan amfilifaya ko miksa (na'urar haɗa sautuka), lokacin da sautin da ake turawa ya fi ƙarfin na'urar, murya ta fara karcewa, idan kuma aka bar shi haka har ya daɗe, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti tana iya ƙonewa. Masu kula da lasifikar masallaci lokacin tafsirin azumi sun san wannan fitila sarai, ko da ba su da sunanta.

Sigina kuwa mota da waya sun riga sun mallake ta. Indiketa ba laifi a wajen aiki, sai dai ba ta gaya wa mai karatu komai.

Abin da ya sa na fifita manuniya shi ne ba ta ɗaure kanta da launi ba, alhali kuwa launi ba shi da ma'ana guda a wannan fage, kowane kamfani da tsarinsa. Shuɗin da ke ƙiftawa a lasifikar Bluetooth galibi yana nuna tana neman wayar da za ta haɗu da ita, amma a DragonFly, ƙaramar na'urar kamfanin AudioQuest da ke mayar da lambobin dijital su zama sauti, shuɗi yana nufin 48 kHz, kore kuma yana nufin 44.1 kHz, wato ma'aunin faifan CD, inda ake ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Fitilar nuni kawai take yi, fassarar tana cikin takardar da ta zo da na'urar, wadda yawancinmu muke yarwa tare da kwali.

Idan an amince, maganar za ta zauna a baki ba tare da wahala ba: manuniya tana ƙiftawa, manuniya ta tsaya cak, manuniya ta ɗauke.

'Yar tagar da ke nuna lambar waƙa da mintunan da suka shuɗe kuwa, "fuska" ta ishe ta, kamar yadda muke cewa fuskar agogo, mu bar wa kwamfuta "allo". Abin da ya rage shi ne halin na'urar da ke da wuta amma ba ta aiki. Wasu sun ce "barci", ni kuma na fi karkata ga "jira", tunda rimot yana tayar da ita nan take. Malaman Hausa da masu gyara, me kuka gani?